Ƙashin ya haɗe, amma hannun ya ƙi tashi

Assalamu alaikum Likita. Ni tela ne a Kano, shekarata 28. Sati 10 ke nan da na faɗi a kan babur, ƙashin damtsena na dama ya karye. A daren aka kai ni wurin mai ɗori, bayan kwana 4 da kumburi ya yi yawa yayana ya ɗauke ni zuwa asibiti, aka yi hoto, aka sake ɗauri. Yanzu sun ce ƙashin yana haɗewa. Amma tun lokacin da na faɗi hannun ya langaɓe daga wuyan hannu, ba na iya ɗaga shi, ba na iya miƙe yatsu, bayan babban yatsana kuma kamar ba jikina ba. Dunƙulewa ina iyawa, sai dai babu ƙarfi. Likita ya ce jijiya ce ta taɓu, in jira, ya ba ni wani abin ɗaurawa. Kawuna ya ce wannan shanyewa ce, asibiti ba su da maganinta, gara a kai ni a yi mini tsaga da gashi. An sa aurena bayan Sallah, na kuma fara jin maganganu daga dangin yarinyar. Ko almakashi ba na iya riƙewa. Don Allah jijiya tana warkewa? In ci gaba da jira, ko lokaci nake ɓatawa?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Sannu da jiki, Allah ya sa kaffara ne, ya kuma saka wa yayanka da alheri da ya kai ka asibiti a kan lokaci.

Irin jijiyar da ta taɓu a hannunka tana warkewa, kuma mafi yawan waɗanda suka sami wannan rauni tare da karayar damtse hannunsu yana dawowa ba tare da an yi musu tiyata ba. Likitanka ya yi daidai da ya ce ka jira. Abin da nake so in ƙara maka shi ne jiran nan yana da lissafi kuma yana da wa'adi, kuma kai ya kamata ka riƙe lissafin, ba wani ba.

Mu fara da kalmar kanta, don ita ce ke rikita mutane. A Hausa abu uku muke kira jijiya. Akwai ta jini, akwai igiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi irin ta agara, sannan akwai fara mai kama da zare wadda ke ɗauko umarni daga ƙwaƙwalwa da laka zuwa tsoka, ta kuma mayar da labarin zafi da sanyi da taɓawa. Ta ukun ce taka. Likitoci na kiranta jijiyar radiyal. Daga wuya take tasowa, ta bi ta hammata, ta zagaya ta bayan ƙashin damtse a cikin wani ɗan kwari, tana manne da ƙashin sosai. Shi ya sa in ƙashin ya karye a tsakiya sai ta sha wuya. Wajen mutum 1 cikin 10 na masu irin wannan karaya haka take faruwa da su. Aikinta ɗaga wuyan hannu, da miƙe yatsu, da jin taɓawa a bayan babban yatsa, wato daidai abubuwan da ka lissafa mini. Dunƙulewa kuwa aikin wasu jijiyoyi ne daban, kuma suna nan lafiya. Ƙarfin da ka ga ya ragu, gwada da hannun hagu ka gani: lanƙwasa wuyan hannun ƙasa, ka yi ƙoƙarin damƙe wani abu. Babu wanda ke da damƙa mai ƙarfi in wuyan hannunsa a sunkuye yake.

Saboda haka wannan ba shanyewar da Kawu yake nufi ba ce. Ita waccan daga ƙwaƙwalwa take, takan haɗa da ƙafa ko baki ko magana. Amma ina ganin inda tsoronsa ya fito, ya ga mutanen da ɓarin jikinsu ya shanye suka shekara ba su tashi ba. Ƙwaƙwalwa da laka in sun ji rauni zarurrukansu ba su cika sake tsirowa ba, don tabon da ke fitowa a wurin da wasu sinadarai da ke kewaye da su suna hana su. Jijiyoyin hannu da ƙafa Allah ya yi su da wata baiwa daban, suna sake tsirowa.

Bari in ɗan tsaya a kan yadda abin yake, domin wanda ya san abin da ke gudana a cikin hannunsa ya fi iya jure jira. Jijiyar nan ba zare ɗaya ba ce, dami ne na dubban zarurruka. Kowane zare a cikinsu wutsiya ce ta ƙwayar halitta guda. Zarurrukan da ke motsa tsoka, uwar ƙwayarsu tana zaune a cikin lakar wuyanka, ta miƙo wutsiyar tun daga can har zuwa hannu ba tare da mahaɗi ba. Abin da ya lulluɓe ƙwayar da wutsiyarta wani tantani ne na kitse mai ninki 2, siririn da sai ka jera wajen 10,000 kafin su kai kaurin takarda ɗaya. Duk aikin jijiya a kan wannan tantani yake. Shi ne ke tsare gishirin sodiyam a waje, ya tara fotasiyam a ciki, har a sami ɗan bambancin lantarki tsakanin ciki da waje. In saƙo zai wuce, sai wasu ƙofofi da ke jikin tantanin su riƙa buɗewa suna rufewa ɗaya bayan ɗaya, saƙon ya bi ta kansu. A kan tantanin kuma akwai wasu ƙwayoyi da ake kira da sunan Theodor Schwann, wani masani Bajamushe na ƙarni na 19, waɗanda ke naɗe zaren da nasu tantanin kamar yadda ake naɗa rawani, zagaye bisa zagaye. Wannan naɗi, mayalin, shi ke sa saƙo ya yi gudun fiye da mita 50 a daƙiƙa 1.

Tunda kai tela ne, ɗauki zaren a matsayin zariyar wando, bututun da yake kwance a ciki kuma ƙubaka. A shekarar 1943 wani likitan Ingila, Herbert Seddon, wanda ya duba raunukan jijiya masu yawa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya kasa su gida 3, har yau kuma da rabonsa ake aiki. Na farko, an danne jijiyar ne kawai, rawanin ya ɗan warware, zariya da ƙubaka duk suna nan. Wannan cikin kwanaki zuwa wata 3 yake dawowa. Na biyu, zariyar ta tsinke amma ƙubakar ba ta yage ba. Na uku, an datse su duka biyun, kuma wannan ba ya gyaruwa sai an buɗe an ɗinke. A karayar da fata ba ta fashe ba, irin wadda na fahimta taka ce, na farko da na biyu su suka fi yawa. Da yake ka kai sati 10 babu motsi, hankalina ya fi karkata ga na biyun.

To me ke faruwa in zariyar ta tsinke? A take tantanin ya yage, ruwan da ke waje ya kwararo ciki ɗauke da kalsiyam, wanda a waje ya ninka na ciki sau dubbai. In aka bar shi haka ƙwayar mutuwa za ta yi. Amma shi wannan kalsiyam ɗin da ke shirin kashe ta shi ne kuma ƙararrawar da ke tada masu gyara. Wasu 'yan ƙananan jakunkuna na tantani da ke cikin zaren sai su taru a bakin yagewar, su manne da juna su toshe ta, kamar faci. Wannan ya riga ya faru a hannunka tun a daren da ka faɗi, kafin ma a gama ɗaure ka.

Guntun da ke ƙasa da tsinkewar, wanda aka raba shi da uwarsa, shi kam ba ya rayuwa. Cikin kwanaki sai ya ruɓe ya farfashe, har zuwa ƙarshensa a tsoka. Augustus Waller ne ya fara bayyana wannan a 1850, bayan ya yanke jijiyoyin harshen kwaɗi ya bi su da madubin ƙara girma. Kada wannan ya tsorata ka, shara ce ake yi. Ƙwayoyin jini masu cinye datti su zo su kwashe tarkacen, ƙwayoyin Schwann kuma su bar aikin naɗi, su yawaita, su jeru a cikin ƙubakar da ta zama fanko suna fitar da sinadaran da ke kiran sabon tsiro. Daga can sama, kan zaren da aka toshe ya kumbura ya fito da 'yan yatsu, yana lalube yana ci gaba kamar kan yaɗon kabewa. Santiago Ramón y Cajal na ƙasar Sifen shi ya fara ganin wannan kai mai lalube a 1890, a jikin ɗan tsakon da ke cikin ƙwai. Duk taƙin da ya yi gaba sai an ƙara masa sabon tantani da sabbin kayan cikin da ke tallafe shi, kuma mafi yawan kayan daga wurin uwar ƙwayar ake turo su, tun daga wuya. Wannan ne ya sa tafiyar take da nawa. Kimanin milimita 1 a rana, wato inci 1 a wata.

Yanzu ɗauko tef ɗinka na awo. Ka sa a nuna maka daidai inda ƙashin ya karye, ka auna daga nan zuwa ɗan sama da gwiwar hannu ta gefen waje, inda jijiyar ke shiga tsoka ta farko. In karayar a tsakiya take, za ka sami inci 4 ko 5. Ka ƙara kamar wata 1 na shara da shiri kafin tsiron ya kama hanya sosai. Ka ga ana maganar wata 5 zuwa 6 kafin motsi na farko, kai kuwa wata 2 da rabi ka yi. Ba ka makara ba ko kaɗan.

Kuma dawowar tana da tsari, daga sama take gangarowa. Tsokar da ke fara farfaɗowa ba ta wuyan hannu ba ce, wata ce da ke taimakawa wajen lanƙwasa gwiwar hannu. Riƙe hannunka kamar ka ɗauki kofi, babban yatsa yana kallon sama, wani ya danne maka ƙasa kai kana jawowa. A hannun hagu za ka ga wata tsoka ta taso kamar kunya daga gwiwar hannu zuwa gaba. Ita za ka riƙa nema a dama, amma sai likita ya tabbatar ƙashin ya yi ƙwarin da zai ɗauki wannan gwaji. Bayanta wuyan hannu ya fara ɗan ɗagawa, sau da yawa yana karkata gefen babban yatsa, sannan yatsu, babban yatsa da manuniya su ne na ƙarshe. Akwai kuma alamar da likitan Faransa Jules Tinel ya rubuta a 1915 daga sojojin da ya duba: in aka ƙwanƙwasa kan hanyar jijiyar da ɗan yatsa a hankali, inda sabon tsiron ya kai sai ka ji kamar minjirya ta ja ka zuwa bayan babban yatsa. In kana jinta, sa alama da biro, ka auna daga gwiwar hannu, ka rubuta, ka sake bayan sati 2 ko 3. In wurin yana gangarowa, jijiyar tana tafiya. Ba kowa ke jinta a fili ba, don haka rashinta kaɗai ba hukunci ba ne.

Ga inda nake so ka buɗe kunne da kyau. Tsokar da jijiya ta daina zuwar mata ba ta jira har abada. Tana ramewa a hankali, mahaɗin da ke tsakaninta da jijiya yana lalacewa, in aka kai shekara 1 zuwa 1 da rabi, ko jijiyar ta iso ba za ta tarar da abin da za ta motsa ba. In tiyata za a yi, ita ma bayanta sai tsiron ya sake tafiyar inci 1 a wata. Shi ya sa ba a barin abin ya wuce wata 4 zuwa 6 babu wata alama ba tare da an ɗauki mataki ba. Abin da ya fi ci mini rai a wannan aiki shi ne mutumin da aka ce masa ya jira, ya tafi gida ya yi ta jira da zuciya ɗaya, bai dawo ba sai bayan shekara 2. Haƙurinsa ba laifi ba ne, ba a dai gaya masa ranar dawowa ba.

Don haka in ka koma asibiti, ka tambayi likitanka kai tsaye wane mataki yake ganin raunin yake, da ranar da in ba a ga motsi ba zai canza shawara. Ka gaya masa a fili cewa hannun ya langaɓe ne tun faɗuwar, kafin ɗorin farko, domin wannan bayani yana da nauyi a wurinsa. Ka nemi a yi maka gwajin lantarki na jijiya da tsoka in ba a yi ba. Yakan nuna farfaɗowa makonni kafin ido ya gani. Kana Kano, Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano duk suna kusa, likitanka zai iya tura ka inda ake yi. Ko da ta kai ga tiyata, hanyoyi suna nan. Wani lokaci jijiyar ta maƙale ne a cikin sabon ƙashin da ya fito, a saki ta. In ta datse a ɗinke, in giɓin ya yi faɗi a ɗauko wata siririyar jijiya daga bayan ƙwauri a yi gada da ita. In duk wannan bai yiwu ba, akan karkato igiyoyin tsokar da ke aiki a ɗora su a kan waɗanda suka tsaya, kuma a irin rauninka wannan aiki yana ba da sakamako mai kyau, matuƙar gaɓoɓin ba su sandare ba.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne aikinka na kullum. Abin ɗaurawar da aka ba ka, kada ka raina shi. Yana riƙe wuyan hannu a ɗage don kada tsokokin da suka kwanta su yi ta jawuwa su saki, kuma da shi a hannu za ka ga damƙarka ta ƙaru nan take. Sau da yawa a rana ka cire shi, ka sa hannun hagu ka ɗaga wuyan hannun har iyakarsa, ka miƙe kowane yatsa, ka buɗe babban yatsa waje. Ka je wurin masu gashin ƙashi na asibiti su nuna maka yadda ake yi, har da kafaɗa da gwiwar hannu waɗanda ɗauri yakan sandarar. Wannan motsi ba ya ƙara wa jijiya sauri, amma shi ke sa in ta iso ta sami hannu a shirye.

Maganar tsaga da gashi kuwa, ina roƙonka kada ka yarda. Jijiyar tana can ƙasa jikin ƙashi, aska ba ta kai mata da wani alheri, abin da tsaga za ta bar maka shi ne ƙwayar cuta da tabo. Gashi da ruwan zafi ko garwashi ya fi haɗari, domin fatar da ba ta ji ba ta sanar da kai ta ƙone sai ka ga ƙuna. Wannan ya shafi dutsen guga a shagonka ma, ka kiyaye bayan hannun nan. Kada kuma kowa ya sake jan hannun ko murɗa shi da sunan gyara. Kawu ba mugunta yake nufi ba, damuwa ce ta sa shi magana, kuma ba a gaban mutane za ka musa masa ba. Ka same shi shi kaɗai, ka ce: "Kawu, na ji shawararku. Likita ya ba ni wa'adi, ina roƙon ku bar ni in cika shi, ku taya ni da addu'a." In da hali ka roƙe shi ya raka ka asibiti ya ji da kunnensa. Addu'a da tofi babu abin da suke rage wa jijiya, ka yawaita su.

A kemis za a nuna maka magunguna iri-iri da sunan maganin jijiya. Bitamin B12 yana da amfani ga wanda ba shi da isasshe, amma babu ƙwaya ko allurar da aka tabbatar tana mayar da inci 1 ya zama 2, kuma yawan shan B6 shi kansa yana lalata jijiya. In zafi mai kama da ƙuna ko suka ya dame ka, wanda yakan zo lokacin da tsiron ke tafiya, ka gaya wa likita, akwai maganinsa na musamman. Kada ka kama tiramadol da kanka. In kana shan sigari ka bari, tana rage jinin da ƙashi da jijiya suke buƙata. Ka sa a auna maka suga sau ɗaya. Ka ci wake da ƙwai da kifi da nono gwargwadon hali.

Shago kuma kada ka ƙaurace masa. Idonka da awonka da sanin yanka suna nan. Ka zana, yaronka ya yanka, ka tsaya a kansa; da abin ɗaurawar a hannu, in likita ya yarda ƙashin ya yi ƙwari, za ka iya fara tura yadi a keke tun kafin jijiyar ta gama isowa. Ka rage karɓar ɗinkin Sallah bana zuwa abin da za ka iya cikawa, don kada ka haɗa ciwon hannu da ɓacin suna.

Dangin yarinya kuma, mai yiwuwa abin da suke tsoro shi ne abin da ba su faɗa ba: ko ciwon zai bazu, ko ya taɓa lafiyarka ta aure, ko ana gadonsa. Babu ko ɗaya. Rauni ne a jijiya ɗaya, a hannu ɗaya, sanadin faɗuwa. Kada ka bar su da jita-jita. Ka tura yayanka ko wani babba ya sami waliyyinta ya yi masa bayani yadda yake, har da cewa warkewar za ta ɗauki watanni kuma akwai yiwuwar tiyata. Kada a yi musu alkawarin cewa kafin biki hannun zai tashi, don ranar ba a hannunka take ba. Ita ma yarinyar ka gaya mata da bakinka, ka nuna mata lissafin tef ɗin.

Yau ka rubuta ranar da ka faɗi a bangon littafin awonka, ka ƙirga sati 16 daga nan, ka ja layi a ƙarƙashin ranar. In ta zo babu motsi a tsokar nan ta gwiwar hannu, minjiryar kuma ba ta gangaro ba, ka koma asibiti a wannan satin ko da ba ranar ganin likitanka ba ce, ka ce ka zo a sake duba maganar jijiya. In kuma kafin nan ka ga wuyan hannun ya ɗan motsa, ko da kamar ƙiftawar ido ne, ka rubuto mini in taya ka murna.